Yadda ake bin sawun ƙasar kiwo da barikin soja ya haɗiye ta hanyar tsofaffin taswirori

Tun lokacin da na nuna taswirar da na haɗa ta yankin barikin soja na Fort Hood a jihar Teksas ta Amurka, wadda ke nuna gidajen makiyaya da makarantunsu a inda yau tankokin yaƙi ke atisaye, masu karatu ke ta tambayata yadda ake wannan aiki. Wasu ɗalibai ne masu rubutun kammala karatu, wasu kuma sha'awa ce kawai. Ga shi nan daki-daki. Da Fort Hood zan yi misali har ƙarshe, domin shi na fi sani, kuma takardunsa a buɗe suke ga kowa. Abin da nake roƙo shi ne a bi matakan a jere. Yawancin waɗanda aikin ya rikice musu, daga mataki na biyar suka fara.

Kayan aiki: kwamfuta, ko da tsohuwa ce, manhajar Google Earth Pro da manhajar haɗa taswira ta QGIS, dukansu kyauta ne, sai littafin rubutu. Waya za ta iya yi maka kallo da bincike, amma ba za ta yi aikin ɗaure taswira ba, wato daidaita tsohuwar taswira da ainihin wurinta a doron ƙasa. Kuɗin da za ka kashe kusan duk na data ne. QGIS kaɗai ɗaruruwan megabait ne, wani lokaci ya kai gigabait guda, don haka ka sauke shi da dare ko a inda intanet ke da araha.

1. Rubuta shekarun da iyaka ta motsa

Kafin ka buɗe taswira ko ɗaya, ka ɗauki takarda ka jera shekarun da barikin ya ci ƙasa. Bariki ba ya haɗiye ƙasa a loma ɗaya. A Fort Hood, gwamnati ta karɓi kimanin eka 108,000 a 1942, wato kusan hekta 43,700, a gundumomin Bell da Coryell, domin horar da rundunar da ke farautar tankokin yaƙi. An buɗe shi da sunan Camp Hood a ranar 18 ga Satumba, 1942. A 1943 aka ƙara wani babban yanki ta arewa, kusa da garin Gatesville. A 1950 ya zama na dindindin, aka koma kiransa Fort Hood. Daga 1953 aka sake ƙara masa kusan eka 50,000. Yau ya haura eka 200,000.

Ka ga ke nan kana neman taswirori na zango huɗu: kafin 1942, tsakanin 1943 da 1952, bayan 1954, da kuma yau. Duk taswirar da ta zo hannunka, tambayar farko ita ce a wane zango ta faɗa.

Gargaɗi: sunan wurin ya sha canzawa. Takardun yaƙin duniya na biyu Camp Hood suke cewa. A watan Mayu na 2023 aka mai da shi Fort Cavazos, a 2025 kuma aka dawo da Fort Hood. In ka yi bincike da suna ɗaya tak, rabin takardun za su wuce ka.

2. Tattara sunayen ƙauyukan da suka ɓace

Wannan matakin mutane suke tsallakewa, shi ne kuma ran aikin. Ɗaruruwan iyalai manoma da masu kiwon shanu, tumaki da awaki aka tasa a 1942, da yawansu cikin 'yan makonni. Ƙauyuka irin su Antelope, Clear Creek, Sugar Loaf da Okay sun tashi ɗungurungum. Taswirar soja ta bayan wannan lokaci ba ta da dalilin rubuta sunayensu, sai ta sa wa wurin lamba ta filin atisaye. In ba ka shigo da sunayen a aljihunka ba, za ka kalli taswirar ka ɗauka daji ne tun fil azal.

Wurare uku nake samo sunaye. Na farko, rumbun sunayen wurare na gwamnatin Amurka da ake kira GNIS, wanda ke sa alamar cewa wuri na tarihi ne in ya riga ya ɓace, kuma sau da yawa yakan ba da lambobin inda yake. Na biyu, kundin tarihin Teksas na ƙungiyar masana tarihin jihar, da ke intanet kyauta, inda ƙananan ƙauyuka ke da gajeren bayani: yaushe aka buɗe gidan waya, yaushe aka rufe makaranta. Na uku, tsofaffin jaridun yankin da Jami'ar Arewacin Teksas ta zuba a rumbunta mai suna Portal to Texas History.

Ka buɗe shafi a littafinka ga kowane suna. Ka rubuta duk yadda ka ga an rubuta shi, domin ƙauye ɗaya kan fito da rubutu biyu, kamar Eliga da Elijah. Haka kuma sunan makaranta, sunan gidan waya da sunan coci na wuri guda kan bambanta, ka ɗauka ƙauyuka uku ne alhali ɗaya ne.

3. Sauke taswirorin tudu da kwari

Ka shiga topoView, shafin hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS. Ba ya buƙatar rajista, ba ya karɓar ko sisi. Ka rubuta Killeen, garin da ke kudancin barikin, ko Gatesville, ka danna kan wurin, sai duk taswirorin da aka taɓa bugawa na wannan wuri su jeru a gefe, tun daga ƙarshen ƙarni na 19. Kowace tana da sigar fayil huɗu. Ka ɗauki KMZ don kallo a Google Earth, ka ɗauki GeoTIFF don aiki a QGIS. JPEG na bugawa ne kawai.

Ma'auni uku za ka fi gani. Mafi tsufa 1:125,000 ne, inda milimita ɗaya a takarda take mita 125 a ƙasa. Sai 1:62,500, sai 1:24,000 wanda ya fi kowanne bayani, milimita ɗaya mita 24. Wannan lissafin ka riƙe shi a kai. Ɗigon gida a taswirar 1:125,000 kaurinsa kaɗai ya kusa filin ƙwallo, don haka ba za ta nuna maka inda ƙofar gida take ba, za ta dai nuna maka wane gefen rafi yake.

Gargaɗi mafi girma a duk wannan jagora yana nan: shekarar da aka buga taswira daban, shekarar da aka auna ƙasar daban. Ka zuƙo kusurwar hagu ta ƙasa, ka karanta ƙananan rubutun. A can ake faɗin yaushe aka yi awo, yaushe aka ɗauki hoton sama, yaushe aka je aka duba da ido. USGS kan sake buga tsohuwar taswira shekaru da dama bayan awonta ba tare da an gyara komai ba. Na taɓa kwashe kwana biyu ina ƙirga gidaje a wata taswira ina tsammanin tana nuna jajibirin tashin mutane, daga baya na karanta gefenta na ga awon ya girmi wannan lokaci da shekaru masu yawa. Aikin kwana biyu ya tafi a banza. Tun daga ranar, sunan kowane fayil da na ajiye yana ɗauke da shekaru biyu, ta awo da ta bugu.

Abin da aka zana da launin shunayya a taswirorin baya-bayan nan ƙari ne da aka yi daga hoton sama, ba wanda ya je ya tabbatar. Ka ɗauke shi a haka.

4. Nemo taswirar da ta fi kusa da ranar tashi

Taswirorin USGS sukan bar giɓi daidai inda ka fi buƙata, wato shekarun 1930. Abin da ke cike wannan giɓi a Teksas shi ne taswirorin hanyoyin gunduma da hukumar hanyoyin jihar ta zana a 1936, ta kuma sabunta su zuwa 1940. Ɗakin karatu da adana takardu na jihar Teksas ya sa su a intanet. Ka nemi ta Coryell da ta Bell. Ba su nuna tudu da kwari, amma suna nuna gida-gida, makarantu, coci-coci, maƙabartu da irin hanya, ko ta ƙasa ce ko an zuba mata tsakuwa. A ganina babu takardar da ta kai su daraja a wannan aiki, domin shekara biyu kacal ke tsakaninsu da zuwan soja.

Don sanin filin wa ne, sai ofishin filaye na jihar Teksas, wanda ke da taswirorin gunduma masu ɗauke da sunan wanda aka fara ba kowane fili. A nan akwai kuskuren da ke cinye wa mutane mako guda. Rumbun filaye na gwamnatin tarayya, wanda ke amfani ga jihohi irin su Kolorado da Niyu Meziko, ba shi da Teksas, domin Teksas ta riƙe filayenta a hannunta lokacin da ta shiga tarayyar Amurka a 1845. Kada ka ɓata lokaci a can. Awon ma nasu daban ne: tsofaffin takardun Teksas da vara suke awo, wani ma'aunin Sifaniyawa da ya kai kimanin santimita 85, kuma babban rabon fili da suke kira lig eka 4,428 ne. Sannan sunan da ke kan taswirar na mai filin farko ne, wanda watakila ya rasu tun kafin 1900. Wanda aka tasa a 1942 sai ka bi takardun ciniki a ofishin magatakardan gunduma, a Gatesville ga Coryell, a Belton ga Bell. Kwafi yawanci dala 1 ne kowane shafi. Filayen da aka karɓa ta hanyar kotu kuwa, takardunsu na kotun tarayya ne.

5. Ɗaure tsohuwar taswira da ƙasa

Taswirorin topoView sun zo a ɗaure, wato kwamfuta ta san inda kowace kusurwa ta faɗa a doron ƙasa. Taswirar hanya ta 1936 hoto ce kawai, sai ka ɗaure ta da kanka. Ni turke nake kiran kowane wurin da na ɗaure da shi, domin aikinsa ke nan: abu ne da bai motsa ba tsakanin jiya da yau, wanda za ka ɗaure taswirar a jikinsa.

Ka buɗe QGIS, ka shimfiɗa taswirar 1:24,000 a ƙasa a matsayin madogara. Ka buɗe sashen da ake kira Georeferencer, ka ɗora tsohuwar. Ka danna wuri a tsohuwar, ka danna takwaransa a sabuwar. Turke ɗaya ke nan. Tsarin ɗauri da QGIS ke kira Polynomial 1 turke uku yake buƙata, amma uku ba sa nuna maka kuskure. Ka kafa goma zuwa goma sha biyar, a warwatse, har da kusurwoyi huɗu na takardar.

Zaɓen turke shi ne gwanintar. Abubuwan da na yarda da su: inda layin dogo ya ƙetare hanya, musamman layin Santa Fe da aka kafa garin Killeen a kansa a 1882, dandalin kotu a tsakiyar Gatesville ko Belton, kusurwar iyakar gunduma, maƙabartar da ba a tashe ta ba, ƙololuwar dutse. Abubuwan da ban yarda da su ba: lanƙwasar rafi, domin rafin Cowhouse da kogin Leon suna sauya kwanciya bayan ambaliya, shingen waya, da duk wata hanya da ke cikin barikin. Soja sun miƙe wasu hanyoyin, sun kashe wasu, tankoki sun fasa sababbi birjik. Hanyar da kake gani yau tana iya zama mita ɗari uku daga wadda keken doki ya bi.

Matsalar da ke tattare da wannan ita ce turakunka masu kyau duk a wajen barikin suke, alhali abin da kake nema yana ciki. Maganinta shi ne ka kewaye barikin da turaku ta kowane gefe, kamar yadda ake kafa shinge, sannan ka nemi biyu ko uku a tsakiya daga duwatsu da mahaɗar manyan rafuka. In turakunka duk a kudu suke wajen Killeen, arewacin taswirar zai karkace ba ka sani ba.

QGIS na nuna kuskuren kowane turke a tebur. In ɗaya ya yi wa sauran nisa, ka koma ka duba shi, galibi mararraba biyu ne masu kama da juna ka haɗa. Kada ka yi ta goge turaku don lambar ta yi kyau. Kada kuma ka ruga zuwa tsarin Thin Plate Spline don ya nuna maka kuskure sifili. Yana miƙe takardar ne kamar roba har kowane turke ya zauna daram, abin da ke tsakaninsu kuma ya murɗe.

Gargaɗi kan tushen awo, wato tsarin da ake ba kowane wuri lambobinsa da shi: taswirorin tsakiyar ƙarni na 20 a kan NAD27 aka zana su, Google Earth kuma WGS84 yake bi. In ka ɗauki lambobin wannan ka zuba a wancan, wuri zai goce da gomman mitoci, a layukan UTM ma, wato tsarin da ke raba duniya shiyya-shiyya yana awo da mita, gocewar arewa da kudu takan kai kusan mita 200. Yankin Fort Hood a shiyya ta 14 yake. Lambar NAD27 a QGIS ita ce 26714, ta WGS84 kuma 32614. Ka zaɓi ɗaya ga aikin gaba ɗaya, ka bar manhajar ta juya sauran.

6. Ƙara hotunan sama

Taswira ra'ayin mai zane ce, ya ga dama ya sa gida, ya ga dama ya bar rumbu da garke. Hoton sama ba ya zaɓe. Ma'aikatar gona ta Amurka ta ɗauki hotunan gundumomin noma daga jirgi a ƙarshen shekarun 1930, kuma hotunan suna ma'adanar takardu ta ƙasa. Na baya-baya kuma suna EarthExplorer, wani shafin USGS da ke buƙatar rajista amma kyauta. Abin da aka riga aka ɗauka a kwamfuta kyauta ake saukewa. In kana so a ɗauko maka wani da tsabta sosai, sai ka biya kuɗi a kan kowane hoto, don haka ka duba samfurinsa tukuna ka tabbata ba gajimare ya rufe wurin ba.

Ka yi amfani da tsakiyar hoto kawai. Gefensa a karkace yake saboda yadda kyamara ke kallon ƙasa daga wuri ɗaya.

Ga abin da ido zai koya gani. Gona murabba'i ce mai haske. Makiyaya ta fi duhu, da ɗigo-ɗigon itatuwa. Inda shinge ya raba filin da aka cinye ciyawarsa da wanda aka hutar, za ka ga layi miƙaƙƙe, gefe ɗaya fari gefe ɗaya toka-toka, ko da wayar kanta ba ta fito ba. Siraran hanyoyin shanu kan taru wuri guda kamar tsinken tsintsiya, a nan ruwa yake, ko rijiya mai injin iska ko tafkin da aka datse. Na daɗe a kan wani hoto ina bin irin waɗannan siraran layuka, har suka kai ni ga wani ɗan duhu zagayayye da inuwar itatuwa uku a gefensa. Da na shimfiɗa taswirar hanya a kai, ɗigon gida ya faɗo daf da itatuwan. A hoton yau babu gida, babu shinge, amma gefen tsohuwar gonar na nan kamar tabo a fata.

7. Zana, ƙirga, ka kuma san abin da kake ƙirgawa

Yanzu ka buɗe falle uku a QGIS, wato shimfiɗu uku da za ka yi zane a kansu: na ɗigo don gidaje, makarantu, coci-coci da maƙabartu; na layi don hanyoyi; na fili don iyakar barikin a kowane zango. Kowane ɗigo ka ba shi gurbi huɗu: mene ne, daga wace taswira, shekarar awo, da yadda ka gamsu da shi. Gurbin nan na ƙarshe shi zai cece ka ranar da wani ya tambaye ka daga ina ka samo.

Kurakurai uku ake yi a nan. Na farko, a ɗora wa barikin duk abin da ya ɓace. Madatsar ruwan Belton da aka kammala a 1954 ta shanye ƙasan kwarin Leon da na Cowhouse, ƙasa mafi albarka a yankin. Wannan asara ce ta daban ko da ta zo lokaci guda, ka ba ta launinta. Haka garin Killeen, wanda mutanensa ba su kai 1,300 ba a 1940, ya haura 150,000 a ƙidayar 2020. Makiyayar da gidajen haya da kantuna suka cinye a kudancin barikin ba ta cikin iyakarsa, amma shi ya jawo. Ni nakan ware mata falle na huɗu, in ɗauko girman garin daga jan launin da USGS ke shafa wa birane.

Na biyu, a kwatanta adadin gidaje a taswirori masu ma'auni daban. Ta 1:24,000 za ta nuna gine-gine fiye da ta 1:125,000 ko da ba a aza tubali ɗaya ba.

Na uku, a ɗauka kiwo ya ƙare ranar da soja suka shigo. Bai ƙare ba. An bar iyalan da aka tasa da zuriyarsu su ci gaba da sakin shanu a filin barikin ƙarƙashin wata ƙungiyar masu shanu ta tsakiyar Teksas, har yau ana ganin shanu a inda ake atisaye. Abin da ya tafi shi ne mallaka, da gida, da makaranta, da maƙwabtaka. In taswirarka ta shafa launi ɗaya ta ce nan kiwo ne da, yanzu soja ne, ta faɗi rabin magana.

Maƙabartu ka bi su a hankali. An tono wasu an mai da su garuruwan da ke kewaye, wasu kuma suna nan cikin filin harbi, ana buɗe wa iyalai hanya su ziyarce su sau ɗaya a shekara, a ƙarshen watan Mayu. Ka rarrabe su a alamarka, domin jikokin mutanen nan su ne za su fi kowa duba taswirarka, kuma kabarin kakansu suke nema.

8. Fitar da taswirar

Ka jera zango huɗun a shafi ɗaya, ma'auni ɗaya, yanki ɗaya, kowanne da shekararsa a sama da manyan lambobi. Ka sa sandar ma'auni da kibiyar arewa. Sunayen ƙauyukan da suka tashi ka bar su a dukkan huɗun, a na farko da baƙi, a sauran da toka-toka, don mai kallo ya riƙa ganin inda Antelope take ko bayan ta zama filin atisaye. A ƙasa ka rubuta iyakar kuskurenka a fili, misali cewa ɗigon gida na iya gocewa da mita 150. Taswirorin USGS mallakar jama'a ne, kana iya bugawa. Na ɗakunan karatu kuwa ka karanta sharaɗinsu tukuna.

Wasu sun tambaya ko za a iya yin irin wannan a kan burtali da makiyaya a ƙasar Hausa. Matakan ɗaya ne, kayan ne suka bambanta. Hotunan tauraron leƙen asirin Amurka mai suna CORONA, na 1960 zuwa 1972, waɗanda aka saki a 1995, suna cikin EarthExplorer kuma sun haɗa da Afirka ta Yamma. Amma a tsaya ga tsofaffin takardu da hotunan da aka riga aka saki. Kada kowa ya ɗauki waya ko jirgi marar matuƙi ya nufi shingen bariki don neman turke, a Teksas ne ko a gida. A filin harbi akwai harsasan da ba su fashe ba kwance cikin ciyawa, a bakin ƙofa kuma akwai doka. Turakun da ke wajen shinge sun isa aikin.